Malam Hudu da Farashi Biyu

An yi wani mutum a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, wani bawan Allah da ake ce wa Malam Hudu. Kada ku ɗauka labarin zamanin kakanni zan ba ku. A'a, a wannan zamani namu na waya da kwamfuta abin ya faru. Na baya ku matso, ku saurara da kyau, domin akwai rabon kowa a ciki.

Shi Malam Hudu ba malami ba ne da ake zuwa ɗaukar karatu a wurinsa, ba kuma mai dukiya ba ne. Mutum ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Da ƙuruciyarsa buga wa mutane takardu yake yi da tafireta a bakin gidan waya. Da zamani ya kashe wannan sana'a, sai ya daure ya koyi kwamfuta da girmansa, har Allah Ya ba shi aiki a wani kamfani mai sayar da kayan noma, irin su iri da maganin feshi da injin ban ruwa. Mai kamfanin sunansa Alhaji Ƙasimu.

To, ga yadda cinikin wannan kamfani yake, ku riƙe shi don kada ku ɓace a gaba. Duk shekara sukan buga ɗan littafi mai hotunan kaya, kowane kaya da kuɗinsa a ƙasa, a raba shi a kasuwannin ƙauye. Daga baya suka buɗe shafi a intanet, inda mutum zai zaɓi kaya ya zuba a abin da suke kira kwando, ya biya, a aiko masa. A shafin nan akwai gasa, domin mai saye yana iya leƙa na wasu kamfanoni kafin ya saya, saboda haka Alhaji Ƙasimu ya sauke farashi a can. Na littafi kuwa aka bar shi yadda aka buga. Kaya ɗaya, sito ɗaya, farashi biyu.

Mutanen ƙauye da ba su da babbar waya, ko suna da ita ba su iya shiga shafi ba, sai su kira lambar da ke bayan littafin. Malam Hudu ne ke ɗauka. Mutum ya faɗi abin da yake so, shi kuma ya zuba masa a kwandon. A cikin kwandon akwai wani ɗan gurbi da aka ce wa Malam Hudu ya riƙa rubuta lambar littafi a ciki duk lokacin da aka kira. Da ya rubuta, sai kuɗin littafi ya fito. In aka bar gurbin ba komai, kuɗin shafi ne ke fitowa.

Ba zan ɓoye muku ba, Malam Hudu ya san da wannan bambanci tun farko. An gaya masa kuɗin buga littafi ne da kuɗin waya, ya karɓa, bai tsaya dogon tunani ba. Shekara biyu yana rubuta lambar nan, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Sai wata rana da hantsi, bayan an gama kaka ana shirin noman rani, wata tsohuwa ta kira. Ta ce sunanta Tabawa, amma duk ƙauyensu Gwaggo Tabawa ake ce mata. Su goma sha biyu ne, mata, yawancinsu mazansu sun rasu. Suna da fili a fadama suna noman albasa, kuma da bokiti suke ɗebo ruwa daga rafi, tun asuba har rana ta take. Shekara guda suka yi suna tara kuɗi a asusu don su sayi injin ban ruwa da suka gani a shafi na tara na littafin. Jiya suka fasa asusu suka ƙirga, suka tarar saura dubu ashirin da biyar kuɗin ya cika. Ga shi iri ya isa dashe, in suka jira wata guda lokaci ya wuce su.

Malam Hudu yana saurarenta yana duban allon kwamfuta. Ya riga ya zuba injin a kwando, bai kai ga rubuta lambar ba tukuna, don haka kuɗin shafi ne a gabansa. Kuɗin nan ya gaza na littafi da dubu talatin. Wato abin da ke hannun matan nan ya isa, har da ɗan saura na fetur.

Sai tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, wannan shi ne kuɗinsa na ƙarshe a wurinku? Babu wata hanya?"

Ku saurara, jama'a, nan ne wurin. Hanya biyu masu sauƙi suka buɗe masa a take. Yana iya ce mata eh, Gwaggo, shi ne na ƙarshe. Ba wanda zai zarge shi, abin da aka sa shi ke nan. Amma ya san ƙarya ce, kuma da sunan Allah aka tambaye shi. Yana kuma iya barin gurbin nan ba komai, ya danna, injin ya tafi a kuɗin shafi. Ciniki ɗari nawa ke wucewa a rana? Wa zai lura? Da yawanmu nan za mu bi, har mu ji daɗi a ranmu cewa mun taimaki talakawa. Amma Malam Hudu ya ga cewa kayan ba nasa ba ne, kuma mai kayan ya faɗa masa ƙarara yadda zai yi. Kyauta da dukiyar wani a bayan idonsa ba kyauta ba ce, ha'inci ne.

Ya janye hannunsa daga kan kwamfutar. Sannan ya roƙe ta ta ba shi zuwa la'asar, ya yi mata alkawarin shi da kansa zai kira ta.

Ya tashi ya nufi ofishin Alhaji Ƙasimu, wurin da bai taɓa shiga ba sai an kira shi. Ya yi sallama, ya rusuna ya gaishe shi, ya kwashe labarin duka ya faɗa. Ya fara da roƙon a sayar wa matan a kuɗin shafi.

Kada ku ɗauka Alhaji Ƙasimu mugun mutum ne. Yana salla, yana fitar da zakka, bai taɓa riƙe wa ma'aikaci albashi ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi bayani a natse. Ya ce littafin nan kuɗi ake kashewa a buga shi, a kai shi ƙauyuka. Ya ce ba wanda ya tilasta wa kowa saye, kuma ba a ƙara ko kwabo a kan abin da aka buga ba. In ya yi wa waɗannan ragi yau, gobe labari ya zagaya, kowa ya zo da nasa uzurin. Ya ƙare da cewa shi kansa albashin Malam Hudu daga wannan bambanci yake fitowa.

Malam Hudu ya ce duk ya ji, kuma bai ce Alhaji ya yi haram ba. Kaya nasa ne, yana da ikon sa musu kuɗin da ya ga dama.

"Amma ranka ya daɗe, ta tambaye ni ko akwai wata hanya, kuma akwai. Ba zan taɓa gurbin nan ba sai yadda ka ce. Abin da ba zan iya ba shi ne in ce mata babu."

Alhaji ya tambaye shi, in wani ya sake irin wannan tambaya gobe fa? Ya ce shi ma zai faɗa masa. Jibi fa? Haka.

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya ce ba zai iya ajiye mutum a kan waya yana kore masa riba ba. Ba zai kore shi daga aiki ba saboda iyalinsa, amma daga gobe ya koma sito wurin masu loda kaya, kuma albashin sito zai riƙa karɓa. Malam Hudu ya ce ya gode da ba a kore shi ba. Sai ya nemi alfarma ɗaya. Ya ce ya yi wa tsohuwar alkawarin kira, yana neman izini ya cika. Alhaji ya kaɗa hannu ya ce ya kira ta ya faɗa mata abin da ya ga dama, wannan ne kiransa na ƙarshe.

Bayan la'asar ya kira ta. Bai ce mata komai game da abin da ya same shi ba. Ya gaya mata cewa kamfanin yana da shafi a intanet, kuma a can injin ya fi sauƙi, kuɗinsu zai isa. Ya tambaye ta ko akwai mai babbar waya a kusa da su. Ta ce akwai malamar asibitin garinsu. Ya ce ta je wurinta da littafin, ya karanta mata sunan shafin a hankali har sau uku, ta sa aka rubuta a bayan littafin. Ya ce in malamar ta ga wani gurbi yana neman lamba, wannan na masu kira ne, ba nasu ba, ta wuce shi. Tsohuwar ta yi ta sa masa albarka har suka yi sallama.

Da ya koma gida ya faɗa wa matarsa Hansatu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai tambaye shi ko matar nan 'yar'uwarsa ce. Ya ce bai taɓa ganinta ba. Ta tambaye shi ko ya tuna shekarunsa, da ciwon bayan da yake fama da shi. Ya ce ya tuna. Ta ƙarasa tsince shinkafarta, sannan ta ce Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri. Kwana biyu ba ta sake masa fuska sosai ba, ni ba zan ce muku ta yi murna ba. Amma tun daga ranar farko da ya dawo daga sito, ita ce ke dafa masa ruwan zafi tana shafa masa magani a baya.

Aikin sito ba wasa ba ne ga mai shekara hamsin. Buhun taki, buhun iri, a ɗora a sauke. Albashi ya ragu, nama a gidansa ya koma na ranar Juma'a kaɗai. Waɗanda da suke gaishe shi da Malam suka koma yi masa dariya a bayan ido, suna cewa ga wanda ya fi mai kamfani tsoron Allah. Yana ji, bai taɓa tankawa ba. Kuma bai taɓa zagin Alhaji ba, ko a gida. In Hansatu ta fara, sai ya ce mutumin nan yana da ikon korarsa bai kore shi ba, wannan ma abin godiya ne.

A kwana na biyar da komawarsa, aka kawo takardar kayan da za a loda a mota. Cikin kayan akwai injin ban ruwa guda ɗaya. Da Malam Hudu ya sunkuya zai kama kwalin, sai ya ga sunan da aka manna a jiki, Tabawa, da sunan ƙauyensu. Ya tsaya. Abokin aikinsa ya ce masa ya kama mana, rana na yi. Ya kama, suka ɗora. Da kansa ya nemo igiya ya ɗaure kwalin a kusurwa don kada ya jijjiga a hanya. Daga baya ya ce a duk zamansa a kamfanin bai taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan rana ba. Da yana kan waya, da bai san ko matan sun dace ba. Sai ga shi Allah Ya kawo shi inda zai gani da idonsa, ya ɗauka da hannunsa.

Aka yi wata huɗu a haka.

Ran nan da rana tsaka, motar kasuwa ta sauke wata tsohuwa a ƙofar kamfanin da buhu biyu na albasa. Ta ce mai kamfani take nema. Aka shigar da ita ofishin Alhaji Ƙasimu, a lokacin yana tare da baƙi. Abin da ya faru a ofishin nan, Alhaji ne ya ba da labarinsa da bakinsa daga baya.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ce Tabawa. Ta ce bana sun noma ninki uku na abin da suka saba, kuma ba wadda ta kwanta ciwon ƙugu saboda ɗibar ruwa. 'Yan'uwanta ne suka aiko ta da buhu ɗaya nasa, ɗaya na mutumin da ke ɗaukar waya.

"Alhaji, mun yi ciniki da mutane da yawa, ba mu taɓa ganin inda mai kaya zai sa yaronsa ya nuna wa talaka hanyar da zai biya kaɗan ba sai a wurinka. Ba ranar da za mu tayar da injin nan ba mu yi maka addu'a ba."

Baƙin suka yi ta cewa masha Allah, suna yaba Alhaji. Shi kuwa ya ce ji ya yi kamar an zuba masa garwashi a cikin riga. Wata huɗu mata goma sha biyu suna ɗaga hannu suna roƙa masa alheri a kan abin da shi ya hukunta mutum saboda shi. Da ta nemi a nuna mata mai wayar, sai ya miƙe ya ce shi zai kai ta.

Suka tarar da Malam Hudu da buhu a ka, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya sauke, ya gaishe da Alhaji, ya gaishe da baƙuwar. Tana jin muryarsa ta gane shi. Ta yi ta godiya, ta faɗa masa sunayen matan ɗaya bayan ɗaya, kowace da saƙonta. Can sai ta dube shi da kyau, ta dubi buhunan, ta tambaye shi me ya kawo shi nan, ita da ta zaci a kujera yake zama kusa da waya.

Ku saurara. Ga wanda ya sauke shi daga kujerarsa tsaye a gefe. Ga baƙuwa da za ta kai labari ƙauye bakwai. Kalma ɗaya ta isa.

Malam Hudu ya ce, "Gwaggo, aiki ne, duk inda aka sa mutum. Ki gode wa Alhaji. Ran nan da na kira ki, sai da na nemi izininsa, shi ya ce in kira."

Bai yi ƙarya ba, izinin an ba shi. Bai kuma tona asirin kowa ba. Tsohuwar ta sake juyawa ta yi wa Alhaji godiya, ta tafi tana murna.

Washegari da safe Alhaji Ƙasimu bai aika a kira Malam Hudu ba, shi ya taka har sito. A gaban masu lodin da suka yi ta dariya ya nemi gafararsa. Malam Hudu ya ji kunya ƙwarai, ya ce ba komai tsakaninsu sai alheri. Alhaji ya tambaye shi yadda yake ganin za a gyara, domin kuɗin buga littafi da na waya gaskiya ne, ba ƙirƙira ya yi ba. Malam Hudu ya ce shi bai san kan na'ura ba. Abin da ya sani kawai, kada mutum ya biya ƙari don bai sani ba. In akwai kuɗin waya, a kira shi kuɗin waya, a faɗa wa mutum tun kafin ya saya.

Haka aka yi. Alhaji ya sa masu kula da shafin suka gyara kwandon. In aka rubuta lambar littafi, sai ya duba kuɗin littafi da na shafi, ya ɗauki wanda ya fi sauƙi. Aka sa ɗan kuɗi kaɗan na hidimar waya a layinsa daban, kowa yana gani. A littafin shekara mai zuwa aka buga wannan bayani a shafin farko da manyan baƙaƙe. Malam Hudu ya koma kan wayarsa da albashinsa na da. Buhun albasar kuwa, Hansatu ta raba wa maƙwabta rabi.

Na san wani zai tambaye ni ko Alhaji ya ƙara arziki bayan haka. Ban sani ba, kuma ba zan ƙara wa labari abin da ban ji ba. An ce a shekarar farko ribarsa ma raguwa ta yi. Abin da na sani shi ne, duk wanda ya tayar da zancen, Alhaji yakan ce ya gode wa Allah da Ya haɗa shi da ma'aikacin da ya ƙi yi masa ƙarya, ya kuma ƙi yin ƙarya dominsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so mu tafi da shi gida. Rashin sanin ɗan'uwanka ba riba ba ce da Allah Ya aiko maka. Da yawanmu muna da farashi biyu ko da ba mu da kwamfuta. Akwai kuɗin ɗan gari, akwai na baƙo. Akwai na wanda ya iya karatu, akwai na tsohuwar da ba ta iya ba. Kai mai shago, kai mai sayar da magani, kai direba, ke mai awo a cikin gida, ba a hana ku cin riba ba. Amma in mutum ya dube ku ya ce tsakaninku da Allah, to ku sani ba shi kaɗai ke sauraren amsar ba.

Kai kuma da kake aiki a ƙarƙashin wani, kada tausayi ya sa ka ci amana. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka je gaban mai shi da ladabi ka faɗa masa, ka kuma shirya ɗaukar abin da zai biyo baya. Yana iya zama wata huɗu, yana iya zama shekara huɗu, yana iya yiwuwa ma ba wanda zai zo ya gode maka a duniyar nan. In kuma ranar ta zo da gaskiyarka ta fito, kada ka mai da ita sandar dukan wanda ya ɓata maka. Ka rufa masa asiri, domin da yawa kunya ce ke dawo da su hanya, ba tonon silili ba.

Mu gode wa Allah da har yanzu akwai irin waɗannan bayi a cikinmu, ba a san su ba, ba a kiran sunansu a taro, amma saboda su ciniki bai mutu ba, yarda ba ta ƙare ba. Wataƙila ɗayansu yana zaune kusa da kai yanzu haka. Allah Ya sa mu cikinsu, Ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke ciyar da iyalanmu. Mu tashi mu yi salla.